Daɓen Malam Ɗaya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma shugaban taro, wakilin ofishin ilimi, shugaban makarantarmu da mataimakiyarsa, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, abokan aikina malamai, mai ɗakin marigayi, wadda nake kira Yaya, tare da 'ya'yanta da jikokinta, dangi da maƙwabta, da yaranmu na aji biyar da ke zaune can baya: assalamu alaikum.

Ba don na iya jawabi aka zaɓe ni ba. Bango ɗaya ne tsakanin ajina da nasa, ni aji huɗu, shi aji biyar, kuma bangon ba shi da kauri. Duk abin da ya koyar na ji shi, ko ina so ko ba na so. Ni ba gwanar kuka ba ce, kada ku jira shi daga wajena. Abin da na gani zan faɗa, in yi roƙo guda, in zauna.

Da yana nan, da tuni ya tashe mu an sake jera kujerun nan. Takwas-takwas aka fara, da aka kai tsakiya aka koma tara, layin ƙarshe kuwa oho. Da ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu ya ce, "Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Da kuka shigo kun ga kwalaye jibge a barandar aji biyar. Tayil ne. Babban ɗan marigayi ne ya kawo, wanda shimfiɗa tayil ce sana'arsa, sadaka ga mahaifinsa. Ranar Litinin ma'aikatansa za su zo su sassare daɓen ajin don siminti ya kama, sannan su rufe shi. In aka sassare, shi ke nan, ba ya dawowa. A kan daɓen nan zan yi magana, domin ban san yadda za a yi zancen mutumin nan a tsallake daɓen ba.

Ga waɗanda ba su taɓa shiga ajin ba: a tsakiyar ɗakin ya zana gidaje ɗari da fenti, layi goma, kowane layi gida goma, kowane gida da lambarsa, daga ɗaya zuwa ɗari. Ranar farko ta shekara yakan zo da gwangwani cike da marafan kwalba, kowane da lamba a cikinsa. Yaro ya sa hannu ya ɗauko. Lambar da ka ɗauka, nan ne gidanka har ƙarshen shekara. Gida na ɗaya ne kawai ba ya cikin gwangwanin. Nasa ne, nan yake tsayawa, shi ya sa yara suka sa masa Malam Ɗaya, har sunan ya bi shi gida.

In lokacin lissafi ya yi, sai a tura bencina jikin bango. Jama'a, ƙarar jan bencin nan! Na kai ƙararsa wajen shugaban makaranta har na gaji. Malam kuwa ya ce da ni, "Malama, ki yi haƙuri, baɗi naki ne za su ja shi." Gaskiyarsa kuwa, daga wajena suke zuwa wajensa.

Kowa ya zauna a gidansa a ƙasa, sai ya ɗaga murya: "Ninkin uku, ku tashi!" Mai uku ya miƙe, mai shida, mai tara, mai sha biyu, haka har ƙarshe. Wanda ya tashi ba a kira shi ba, ajin ya yi masa ihu. Wanda aka kira ya yi zaune, maƙwabcinsa ya zungure shi. Sai ya ce, "A cikin na tsaye, wanda huɗu ba ta raba shi daidai, ya zauna." Sai ka ga an bar sha biyu, da ashirin da huɗu, da talatin da shida, da arba'in da takwas, da sittin, da ire-irensu, suna ta kumbura kamar su suka gina makarantar.

Ya kasance malamin da ba ya yarda yaro ya haddace abin da bai gani ba. In ya kira ninkin biyar, yara su ga layi biyu a miƙe sambal. In ya kira ninkin tara, su ga layi ya sauko a karkace. Ya ce da su, "Ku duba da kyau. Ba ni na jera ku ba, lamba ce ta jera ku." Daga nan ya shiga zancen kusurwa, da murabba'i, da alwatika. Ya ba yara uku igiya su ja ta daga gidajensu, sauran su faɗi sunan siffar da ta fito. Kowace shekara kuma sai ya sa aji ya auna ɗakin kansa, tsawo da faɗi, a fitar da kewayensa, a fitar da girman filinsa. Babu wanda ya ratsa ajin nan da bai san mita takwas ne tsawonsa, bakwai faɗinsa ba.

Ya kasance mutum mai taurin kai, kada mu rufe wannan don ya rasu. Yarinya ta kawo masa amsa daidai ba ta nuna hanya ba, ya mayar mata da littafinta ya ce, "Amsar ta yi kyau. A ina kika tsince ta?" Uba ya zo yana faɗa, wai ɗansa ya koma gida wando duk ƙura. Malam ya saurare shi har ya gama, sannan ya dubi yaron ya ce, "Bakwai sau takwas?" Yaron ya amsa kafin uban ya rufe baki. Malam ya ce, "To, a wanke wandon."

Ya kasance mai amfani ga unguwa ba tare da ya nemi a sani ba. Filin ƙwallon da yaranmu ke wasa a kai, shi ya fitar da kusurwoyinsa da igiya mai ƙulli da turaku. Matan da ke koyon ɗinki a ajinsa da yamma, shi ya nuna musu yadda za su fitar da riguna daga yadi ba tare da ƙyalle ya tafi a banza ba. Ɗaya daga cikinsu tana zaune a nan, ita ta ɗinka labulen zauren nan, kuma kun ga ƙasansa bai karkace ba.

Ya kasance wanda ɗalibansa suka manta sunayen juna, suka riƙe lambobi. Shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ga shi nan da furfurarsa, har yau Sittin abokansa ke ce masa. Ma'aikaciyar jinyar da ta kula da shi a asibiti, da ya buɗe ido ya gan ta, cewa ya yi, "Ashirin da huɗu, ke ce?" Ta ce, "Ni ce, Malam." Ya ce, "Masu raba ki?" Tana riƙe da allura ta jero masa su: ɗaya, biyu, uku, huɗu, shida, takwas, sha biyu, ashirin da huɗu. Sannan ya miƙa hannu.

To amma a cikin gidajen nan akwai waɗanda ba a so. Malam yana kiran ninki ne daga biyu zuwa sha biyu. Akwai lambobin da babu mai raba su sai ɗaya da su kansu: sha uku, sha bakwai, sha tara, ashirin da uku, da ire-irensu. Yaron da ya ɗauki irin wannan, zama zai yi. A kira biyu yana zaune, a kira bakwai yana zaune, na hagunsa ya tashi, na damansa ya tashi, shi ko motsi. Yara suka sa musu 'yan zaman kashe wando. Sau ɗaya tak suke tashi a rana. In darasi ya ƙare, Malam ya koma gidansa na ɗaya ya ce, "Ninkin ɗaya, ku tashi." Da yake ɗaya tana raba kowace lamba, sai ajin duka ya miƙe, babu wanda aka bari a ƙasa. Da wannan kiran yake rufe darasi kullum.

Shekarar da babban ɗansa ya shigo aji biyar, ya sa hannu a gwangwani kamar kowa, ya ɗauko arba'in da bakwai. Ga arba'in da takwas a gefensa, wanda kusan kowane kira sai ya tashi. Yaya ta ba ni labarin yadda suka yi a gida. Yaron ya ce, "Baba, ka canza min. Kowa na yi min dariya." Ya ce, "A gida ni babanka ne. A aji ni Malam Ɗaya ne, kuma Malam Ɗaya ba ya canza wa kowa." Yaya ta sa baki, ta ce, "Haba Malam, gida ɗaya fa zai matsa." Ya ce, "In na matsar da shi, ɗan wa zan zaunar a wurin?" Aka bar maganar. Yaron ya yi shekara guda a zaune a gaban mahaifinsa. Tun da ya fita daga ajin nan, ban sake ganin ƙafarsa a ciki ba.

Fenti a daɓen da yara ke tattakawa ba ya daɗewa. Kowane dogon hutu, muna gida muna hutawa, shi yana nan durƙushe da buroshi yana sabunta gidajen ɗaya bayan ɗaya. Yaya ce ta san yawan wandunan da suka mutu a gwiwa, ita ce kuma mai dafa ruwan gashi in ya dawo yana ɗingishi. A ƙarshe gwiwoyin suka lalace, har salla sai a kan kujera.

Da ɗan ya zama gwani a sana'arsa, ya zo ya sami mahaifinsa a baranda. Ina tsaye a ƙofar ajina, ba laɓe na yi ba, su ne ba su rage murya ba. Ya ce, "Baba, simintin nan ya cinye maka gwiwa. Ka bar ni in sa maka tayil, kyauta, ka huta." Malam ya ce, "Tayil ɗinka yana da lamba?" Ya ce, "Ga allo nan, ka rubuta lambobinka a kai kamar kowane malami." Malam ya ce, "Santsi gare shi, yara za su faɗi. Ka kai wa masu falo." Ɗan ya juya ya hau babur ɗinsa. Na ce da Malam, "Wannan magana taka ba ta yi daɗi ba." Ya ce, "Na sani."

Bayan rasuwar, ɗan ya zo taron ƙungiya ya ce zai gyara ajin mahaifinsa da hannunsa, ya zama ya fi kowane aji kyau. Muka tafa. Mu duka muka tafa, malamai da iyaye da waɗanda suka girma a kan gidajen nan. Muna son mu girmama mutum, sai muka amince a kankare abin da ya ƙarar da gwiwarsa a kai. Shugaban makaranta ya ce a buɗe masa ya shiga ya auna. Ɗan ya ce ba sai ya shiga ba: takwas sau bakwai, hamsin da shida, a ƙara kaɗan saboda yanka da fashewa. Daga bakin ƙofar makaranta ya yi lissafinsa, kuma na tabbata ko kwali ɗaya ba zai gaza ba. Kun san inda ya koya.

Saboda bai shiga ba, akwai abin da bai gani ba.

Ɗana, da kai nake yanzu. Na neme ka a waya, ka ce kana wurin aiki. Na je gida, ka gaishe ni da ladabi, da na ambaci ajin ka ce ana jiranka. Mahaifiyarka ce ta ce da ni, "Ki faɗa masa a taro, inda ba zai tashi ya fita ba." Da izininta nake magana, ba don in kunyata ka ba. Babu wanda ya isa ya ce niyyarka ba ta da kyau. Ka ga daɓe ya ci gwiwar mahaifinka, ka ƙi jinin daɓen. Ko ni ce haka zan yi.

Kai ma'aikaci ne, ka san ƙa'ida. Mai fentin ƙasa daga can ƙuryar ɗaki yake farawa, ya riƙa ja da baya har ya fita ta ƙofa, don kada ya taka ɗanyen aiki. Mahaifinka mutum ne mai tsari, wanda alli ma a jere yake ajiye shi. Amma tun shekarar da ka bar ajinsa, ba ya fara fenti daga ƙurya. Yakan buɗe sabon gwangwani, ya tako tsakiyar ɗaki, layi na biyar, gida na bakwai, ya durƙusa ya yi wannan tukuna. Sannan ya koma ƙurya ya fara kamar kowa, ya yi ta kewaye ɗanyen gidan yana tsallake shi da gwiwoyin nan nasa.

Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Fentin farko ya fi kama ƙasa." Na tambayi wani mai fenti ko haka ne, ya yi dariya ya ce in an motsa gwangwani, na sama da na ƙasa duk ɗaya ne. Na dawo na faɗa wa Malam. Ya daɗe yana goge buroshi a bakin gwangwani, sannan ya ce, "Malama, tashi ba wuya. Kowa na tashi, ko don ya ga na kusa da shi ya tashi. Zama ne aiki. Mai wannan gida, kowane kira sai ya raba lambarsa a ka, ya ga akwai saura, ya danne kansa ya zauna, ana yi masa dariya. Yaran da na zaunar a irin gidajen nan, babu wanda bai taɓa ruɗewa ya miƙe ba, sai shi. Shekara guda, ko sau ɗaya." Na ce, "Ka faɗa masa?" Ya ce, "Ai ya sani." Na ce, "Ina zai sani?" Ya ci gaba da fentinsa.

Ba ka sani ba. Na san ba ka sani ba. Mahaifinka yana alfahari da kai, kuma bakinsa ya kasa faɗa. Wannan laifinsa ne, ba naka ba, kuma na gaya masa haka yana raye.

A hutun da ya wuce na shigo makaranta ɗaukar takardun jarrabawa, na ga ƙofar aji biyar a buɗe. Na same shi zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe, gwangwani a gefensa kusan a cike. Ya ce, "Malama, kira min mai gadi, gwiwa ta ƙi." Muka ɗaga shi mu biyu. Ya waiwaya ya dubi ɗakin ya ce, "Sauran sai na warke." Ashe ba gwiwar kaɗai ba ce. Daga nan asibiti, daga asibiti kun san sauran.

Yanzu in ka shiga ajin, gidaje casa'in da tara sun koɗe, wasu da ƙyar ake karanta lambarsu. Guda ɗaya ne sabo fes. Aikin ƙarshe da ya yi da hannunsa ke nan a makarantar nan.

Roƙona guda ne. Ban ce kada ka sa tayil ba. Ajin mahaifinka ne, sadakarka ce, ƙungiya ta amince, kuma ni malamar aji huɗu ce kawai. Ga makullin a hannuna. Kafin Litinin, ka shiga kai kaɗai, ka tsaya ka duba. In ka fito ka ce a sassare, wallahi ba za ka ji bakina ba, ni da kaina zan matsar da bencinan. In kuma ka ce a bari, ajina ma daɓensa duk ramuka ne, tayil ɗinka ba zai rasa wurin zuwa ba, kuma gwangwanin fentin yana nan a kabad an rufe shi da kyau. Yaran can na baya sun ɗauki marafansu a farkon shekara duk da Malam ba ya nan, suna da gidaje, ba su san ko za su same su ranar Talata ba.

Yaya, ke kika dafa ruwan gashin, ke kika wanke fentin, ke kika tsaya tsakanin mutum biyu masu hali iri ɗaya. Mun gani, kuma mun gode. Makarantar nan ta ci hutunki da na 'ya'yanki shekara da shekaru, ba mu taɓa jin kin yi ƙorafi a waje ba. Ku sauran 'ya'yansa, ku riƙe ta da kyau. Ku riƙe yayanku kuma, duk abin da ya yanke.

A madadin malamai da ɗalibai, muna godiya ga shugaban taro, da wakilin ofishin ilimi, da duk wanda ya bar harkarsa ya zo. Muna godiya ga ma'aikatan asibiti, da mai gadinmu, da waɗanda suka jera kujeru, duk da abin da na ce.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya haskaka shi. Allah Ya sa kowane yaro da ya koyi sau da rabawa a hannunsa ya zame masa lada mai gudana. Allah Ya sauƙaƙa masa hisabi, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya haɗa kansu. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Liman zai rufe mana da addu'a, kuma an ce a tsaye za a yi. Ban san wata hanyar tayar da mutanen zauren nan ba sai wadda na yi shekaru ina ji ta bango. Ku yi haƙuri da muryata, ba ta kai tasa ba.

Ninkin ɗaya, ku tashi.

Har da kai, Arba'in da bakwai. Wannan kiran da kai a ciki.